Harshen Faro Da Sinanci: Bambance-Bambancensu Da Matsalolin Fassara Tsakaninsu

Gabatarwa

A arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Aislan da Norwe da Sikotlan, akwai wasu tsibirai guda 18 da ake kira Tsibiran Faro. Faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 1,400 ba, mazaunansu kuwa kimanin 54,000 ne. Suna ƙarƙashin masarautar Denmak, amma tun 1948 suke gudanar da harkokinsu na cikin gida da kansu. Suna da harshensu na kansu, wanda masu magana da shi, har da waɗanda ke zaune a Denmak, kimanin 70,000 ne. A ɗaya gefen duniya kuma akwai Sinancin Mandarin, harshen farko ga mutane fiye da miliyan 900. Ke nan duk mutum guda mai harshen Faro yana da takwarori fiye da 12,000 masu Mandarin.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa waɗannan harsuna biyu. Amsa ita ce kifi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayan da tsibiran ke sayarwa waje kifi ne da dangoginsa, kuma ƙasar Sin na cikin masu saye, har ma gwamnatin Faro ta buɗe ofishin wakilci a Bejin a 2019. Duk inda ciniki ya shiga, dole takardun lafiyar kaya da yarjejeniyoyi da sunayen halittu su ƙetara daga wannan harshe zuwa wancan. Wannan maƙala za ta duba asalin harsunan biyu, da sautinsu, da rubutunsu, da nahawunsu, sa'annan ta nuna wuraren da fassara kan yi tuntuɓe, musamman a fagen sunayen tsuntsaye da kifaye.

Asali Da Dangantaka

Masana harshe kan kasa harsuna dangi-dangi kamar yadda masana halittu ke kasa dabbobi da tsirrai. Charles Darwin da kansa ya yi nuni da wannan kama a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam. Harshen Faro reshe ne na dangin Indo-Turai. Ya tsiro ne daga tsohon harshen mutanen Norwe da suka zauna a tsibiran wajen ƙarni na 9, kuma harshen Aislan ne ɗan'uwansa na kusa. Kaɗaicin tsibiri ya sa ya bi hanyarsa dabam, kamar yadda ya faru ga wasu tsuntsayen wurin, irin su Sturnus vulgaris faroensis, wanda ya ɗan fi danginsa na nahiyar Turai girma har aka ba shi suna na musamman. Sinanci kuwa na dangin Sino-Tibet ne, ba shi da wata dangantakar jini da aka tabbatar da harsunan Turai.

A nan akwai darasi daga ilimin halittu. Fiffiken jemage da hannun mutum sun yi kama a tsarin ƙashi domin gado ɗaya suka ci. Fiffiken jemage da na fara kuwa aiki kawai ya haɗa su, asalinsu dabam. Haka abin yake a harshe. Yaron Faro na kiran uwarsa mamma, yaron Sin na cewa māma, amma wannan ba shaidar zumunci ba ce. Sautukan leɓɓa su ne suka fi sauƙi a bakin jariri a ko'ina cikin duniya. Saboda haka mai fassara tsakanin harsunan nan ba shi da kalmomin gado da zai jingina da su.

Tsarin Sauti

Sinanci harshe ne mai karin sauti, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Mandarin na da karin sauti huɗu: na sama a miƙe, da mai hawa, da mai sauka ya sake hawa, da mai faɗuwa. Gaɓar ma kaɗai tana ba da mā (uwa), má (wani tsiro irin rama), mǎ (doki), da mà (zagi). Gaɓoɓin harshen kimanin 400 ne, idan aka haɗa da karin sauti su kai wajen 1,300. Baƙaƙe ba sa cunkushewa a gaɓa ɗaya, kuma yawanci gaɓa kan ƙare da wasali ko da n ko ng.

Harshen Faro ba ya bambanta ma'ana da karin sauti. Yana ɗora nauyi ne a kan gaɓar farko ta yawancin kalmominsa na asali, yana da tagwayen wasula masu yawa, kuma baƙaƙe kan taru wuri guda, kamar a kúgv (saniya) da oyggj (tsibiri). Don haka sunan Faro ba ya shiga bakin Basine sai an tsinka shi gaɓa-gaɓa. Babban birnin tsibiran, Tórshavn, ma'anarsa "tashar jirgin ruwa ta Tór". Sinawa na kiransa Tuō'ěrsīgǎng: gaɓoɓi ukun farko kwaikwayon sauti ne, gǎng kuma fassara ce mai nufin tashar jirgi. Tsibiran kansu Fǎluó Qúndǎo ne, inda aka kwaikwayi sautin sunan aka ƙara kalmar da ke nufin tarin tsibirai.

Rubutu

Bayan sauyin addini na ƙarni na 16, harshen Denmak ya mamaye coci da makaranta da kotu a Faro, harshen gida ya koma na baka har kusan shekara 300. Waƙoƙin rawa masu tsawo, waɗanda ake kira kvæði, su suka adana shi. Wani abin sha'awa shi ne masanin tsirrai ne ya fitar da littafin farko da aka buga cikin harshen. Hans Christian Lyngbye, limamin coci ɗan Denmak, ya je tsibiran a 1817 don tattara tsirran teku, ya dawo da waƙoƙin da aka rera masa, ya buga su a 1822. Har yau akwai dangin ƙananan halittun ruwa mai suna Lyngbya don tunawa da shi.

A 1846 V. U. Hammershaimb ya shimfiɗa ƙa'idojin rubutun da ake amfani da su yanzu. Haruffan 29 ne, babu c, q, w, x da z. Ya gina rubutun ne a kan asalin kalma, ya bar furucin zamani gefe. Shi ya sa ake rubuta harafin ð alhali ba shi da sautin kansa, kuma veður (yanayi) da vegur (hanya) furucinsu ɗaya, ido ne kaɗai ke raba su. Amfanin wannan tsari shi ne bai fifita karin harshen wani tsibiri a kan na wani ba.

Sinanci ba ya amfani da abacada. Kowace alama tana wakiltar gaɓa ɗaya mai ma'ana. Ƙamus na Kangxi na 1716 ya tara alamomi fiye da 47,000 a ƙarƙashin tushe 214. Jerin da hukuma ta fitar a 2013 na ɗauke da 8,105, daga ciki 3,500 su ne na yau da kullum. A 1958 aka amince da Pinyin, hanyar rubuta sautin Mandarin da haruffan boko, wadda ita ce aka bi a wannan maƙala. Duk da nisan da ke tsakanin rubutun biyu, manufa ɗaya ta haɗa su: mutumin Bejin da na Kanton suna furta alama ɗaya ta hanyoyi dabam, amma ma'ana ɗaya suke karantawa.

Nahawu

A nan ne bambanci ya fi zurfi. Harshen Faro kan sauya ƙirar kalma, Sinanci kuwa kalmarsa ba ta motsi. Suna a harshen Faro na da jinsi uku: namiji, da mace, da na uku wanda ba ya cikin biyun. Yana kuma sauya ƙeya gwargwadon aikinsa a jimla. Jirgin ruwa bátur ne idan aikau ne, bát idan karɓau ne, báti a bayan wasu harrufa, jam'insa bátar. Madanganci ma a ƙeya yake, báturin, kamar yadda Hausa ke mai da jirgi ya zama jirgin. Saboda wannan, Hundurin beit mannin da Mannin beit hundurin duk kare ne ya ciji mutumin, domin ƙeyar kalma ce ke nuna mai cizo. A Sinanci jeri ne ke hukunci: gǒu yǎo rén kare ya ciji mutum, rén yǎo gǒu mutum ya ciji kare.

Aikatau na Faro yana bin mai aiki da lokaci: eg lesi (ina karantawa), tú lesur, vit lesa, a shuɗaɗɗen lokaci kuma eg las, vit lósu. Aikatau na Sinanci ba ya sauyawa ko kaɗan. Ƙananan kalmomi ne ke nuna halin da aiki ke ciki: le don aikin da ya kammala, guo don wanda aka taɓa yi, zài don wanda ake cikin yi. Sunan Sinanci kuma yawanci ba ya nuna tilo ko jam'i.

Ga yadda wannan ke zama matsala. A ce mai lura da tsuntsaye ya rubuta niǎo fēi le. Jimlar ba ta faɗi ko tsuntsu ɗaya ne ya tashi ko garke guda ba. Mai mayar da ita harshen Faro ba shi da damar yin shiru: ko dai fuglurin fleyg ko fuglarnir flugu. Tilas ya koma ga sauran rubutun, ko ga marubucin, ya nemo abin da asalin bai bayyana ba. Idan aka juya hanya, Sinanci ma yana da nasa tilas. Ba a ƙirga abu sai da kalmar awo da ta dace da siffarsa: yī tiáo yú kifi ɗaya, domin tiáo na abubuwa masu tsawo ne, yī zhī niǎo tsuntsu ɗaya, yī tóu niú saniya ɗaya, yī pǐ mǎ doki ɗaya. Darasin shi ne harsuna sun fi bambanta a abin da suke wajabta wa mai magana ya faɗa.

Ƙidaya ma tarko ce. Sinawa na ƙirga da wàn, wato 10,000, saboda haka 54,000 wàn biyar ne da dubu huɗu. Mutanen Faro kuwa, ban da ƙidayar goma-goma, suna da wadda suka aro daga Denmak mai bin ashirin-ashirin, inda hálvtrýss ke nufin 50, trýss 60, kuma ana fara faɗin ɗaiɗai kafin gomiya. Sifiri ɗaya da ya ɓace a takardar tan-tan na kifi ba ƙaramar asara ba ce.

Sunayen Halittu

Kowace al'umma ta fi rarrabe abin da take rayuwa da shi. Mutanen Faro na da toskur, hýsa da upsi, kifaye uku 'yan gida ɗaya waɗanda kowane yaro ke bambantawa. A kasuwar Sin kuwa ana yawan tara su da wasunsu a ƙarƙashin xuěyú. Hakazalika yáng a Sinanci ya haɗa tumaki da awaki, sai an ƙara kalma kafin a raba su: miányáng tunkiya, shānyáng akuya. A ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa, wadda ake fassara sunanta Føroyar da "tsibiran tumaki", seyður ba ya taɓa nufin akuya.

Rubutun Sinanci ma yana ɗauke da tsohon rabon halittu. Alamar jīng (鲸), wato ƙatuwar dabbar tekun nan da mutanen Faro ke kira hvalur, tana da tushen kifi (鱼) a gefenta, kuma jama'a kan ce jīngyú, ma'ana kifin jīng. Amma dabba ce mai huhu mai shayarwa, kuma tun 1758 Carl Linnaeus ya fitar da ita daga cikin kifaye. Wasu sunayen kuma kwatance ne: kópur, dabbar tekun da ke hutawa a kan duwatsun gaɓa, hǎibào ce a Sinanci, wato damisar teku, tsuntsun lundi mai baki kala-kala kuwa hǎiyīng ne, wato akun teku.

Sakaci a wannan fage kan taɓa lafiyar jama'a. A farkon 2007 mutane da dama a Hon Kon sun yi fama da gudawa bayan sun ci kifin da aka sayar musu da sunan xuěyú, alhali Ruvettus pretiosus ne, wanda namansa ke ɗauke da wani mai irin kakin zuma da cikin mutum ba ya narkarwa. A 2018 kuma gardama ta tashi a Sin kan sānwényú, sunan da aka aro daga Ingilishi don kifin da Faro ke kira laksur, wato Salmo salar. Wata ƙungiyar masu sana'ar kifi ta fitar da ƙa'idar da ta sa Oncorhynchus mykiss, wanda ake kiwo a ruwan daɗi, a ƙarƙashin wannan suna. Masu saye suka nuna damuwa domin ana cin kifin ɗanye, kuma kifin ruwan daɗi na iya ɗaukar tsutsotsin da ke kama mutum. Maganin irin wannan ruɗani shi ne tsarin suna biyu na Latin da Linnaeus ya kafa. Mai fassara na gari ya fara gano sunan kimiyya na halittar, daga nan ya nemi takwaransa a harshe na biyu.

Sai dai sunan Latin ba ya ɗaukar komai. Tjaldur, wato Haematopus ostralegus, tsuntsu ne baƙi da fari mai jan baki, kuma shi ne tsuntsun ƙasa na Faro. Ana bikin dawowarsa ranar 12 ga Maris a matsayin alamar ƙarshen hunturu. A farkon ƙarni na 19 Nólsoyar Páll ya tsara waƙar Fuglakvæði, inda tjaldur ke gargaɗin ƙananan tsuntsaye game da masu farautarsu, habaici ga jami'an da ke danne talakawa. Sunansa na Sinanci lìyù ne, kuma daidai yake a kimiyyance. Amma gaɓar yù na tuna wa Basine wani tsohon labari na littafin Zhànguó Cè: tsuntsun yù ya kai wa wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu sara, ita kuma ta datse masa baki, kowa ya ƙi saki, masunci ya zo ya kwashe su duka. Tsuntsun da yake gwarzo a wannan ƙasa, danginsa misalin taurin kai ne a waccan. Haka nan skerpikjøt, naman tunkiya da ake ratayewa watanni a rumbun katako mai suna hjallur har iskar teku ta busar da shi ya ɗan ruɓa, ba shi da takwara sai dai a bar sunan a biyo shi da bayani.

Ƙirƙirar Kalmomin Kimiyya

A wannan ɓangare harsunan biyu sun yi tarayya, domin dukansu sun fi son ƙera kalma daga kayan gida. Talabijin sjónvarp ne a Faro, wato jefa gani, a Sinanci diànshì, ganin lantarki. Kwamfuta telda ce, daga tushen kalmar ƙirga, Sinawa kuma suka ce diànnǎo, ƙwaƙwalwar lantarki. Ilimin halittu lívfrøði ne, sanin rai, da shēngwùxué, nazarin abubuwa masu rai. A shekarun 1870 Xu Shou da John Fryer, a birnin Shanghai, sun ƙirƙiro wa sinadarai alamomi ta hanyar haɗa tushen ƙarfe da gaɓa ɗaya daga sunan Turai, kamar nà ga sodiyam da gài ga kalsiyam. Sakamakon wannan ɗabi'a shi ne babu kalmomin aro na bai-ɗaya da za su taimaki mai fassara, sai ya san fannin da kansa.

Fassara Ta Hannun Harshe Na Uku

Mutanen da suka ƙware a harsunan biyu tare ƙalilan ne, don haka yawancin aiki kan bi ta harshen Denmak ko Ingilishi. Kowace gada tana da abin da take zubarwa. Harshen Faro ya raba tú (kai) da tit (ku), yana kuma da tygum na girmamawa. Sinanci ma na da nǐ, nǐmen da nín. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga dukansu, saboda haka bambancin da harsunan biyu suka adana sai ya narke a tsakiya. Haka yake ga dangi: Faro ta raba pápabeiggi, ɗan'uwan uba, da mammubeiggi, ɗan'uwan uwa, kamar baffa da kawu. Sinanci na kiran na wajen uwa jiùjiu, ya kuma raba na wajen uba gida biyu, bóbo idan wan uba ne, shūshu idan ƙanensa ne. Wanda ya bi ta Ingilishi sai ya yi ta lalube.

Na'urorin fassara sun gaji wannan rauni, domin suna koyo ne daga ɗimbin rubutun da aka riga aka fassara, kuma irin wannan rubutu tsakanin Faro da Sinanci kaɗan ne. A 2017 mutanen tsibiran suka kafa shafin Faroe Islands Translate, inda 'yan sa kai ke ɗaukar kansu a bidiyo suna fassara jimlolin da aka turo, don jan hankalin manyan kamfanoni. Microsoft Translator ya karɓi harshen a 2022, Google Translate kuma a 2024. Wannan ci gaba ne, amma takardar da ta shafi abinci ko magani tana buƙatar idon masani kafin a sa mata hannu.

Kammalawa

A 1898 Yan Fu ya fitar da fassarar Sinanci ta littafin Thomas Huxley kan juyin halitta da ɗabi'a, aikin da ya gabatar wa Sinawa da yawa ra'ayin Darwin. A gabatarwarsa ya ambaci abubuwa uku masu wuya ga mai fassara: riƙon amanar asali, isar da ma'ana, da kyawun lafazi. Misalan da suka gabata sun nuna yadda ukun nan kan ja wa juna. Sunan Salmo salar ya cika amana, amma mai sayen kifi a kasuwa ba zai gane shi ba. Sānwényú kowa ya gane shi, amma iyakarsa ba ta da tabbas. Lìyù ya isar da tsuntsun, ya bar martabarsa a baya.

Ɗalibin da zai yi irin wannan aiki, a waɗannan harsuna ko wasunsu, ya kamata ya kiyaye abubuwa huɗu. Ya tantance abin da harshen da yake fassarawa zuwa gare shi ke wajabta faɗa, ya nemo shi. Ya ɗaure kowane sunan dabba ko tsiro da sunansa na kimiyya. Ya rubuta adadi da alƙaluma ya sake duba su. Idan kuma ta harshe na uku ya biyo, ya nemi mai harshen asali ya duba masa wakilan suna da sunayen dangi da kalmomin al'ada, domin a nan ne aka fi yin ɓari.